Ƙashin Mor Lam: tafiyar wani gajeren labari daga takarda zuwa dandali

A cikin gajerun labaran da marubutan Afirka ta Yamma suka rubuta da Faransanci, kaɗan ne suka yi doguwar tafiya a dandalin wasan kwaikwayo kamar wanda Birago Diop ya sa wa suna L'Os, wato Ƙashi. Labarin ya fito a 1958 cikin Les Nouveaux Contes d'Amadou Koumba, littafin da Léopold Sédar Senghor ya rubuta wa gabatarwa, kuma tsawonsa bai wuce ƴan shafuka ba. Duk da haka, kafin ya cika shekara 25 an nuna shi a babban gidan teyatur na Dakar, an buga shi a matsayin wasa, an kuma kai shi Abinyon da Pari da Niyok. Wannan tafiya ta cancanci nazari daga malamai da ƙungiyoyin wasa, domin tana koyar da abu guda a sarari: ranar da aka raba labari da mai ba da shi, ƴan wasa ne ke gadon hukuncin da ya saba yankewa. A nan kuwa hukuncin mai nauyi ne, wato ko za a yi wa Mor Lam dariyar da ake yi wa wawa, ko kuwa irin wadda ke maƙalewa a maƙogwaro in an ga abin da yunwa ta mai da mutum.

Marubucin da labarinsa

An haifi Birago Diop a 1906 a Wakam, kusa da Dakar, ya rasu a 1989. Likitan dabbobi ne, ya yi karatunsa a Tuluz ta ƙasar Faransa, sa'an nan ya yi shekaru yana aikin duba garkuna a ƙasashen da suka haɗa da Mali da Burkina Faso da Muritaniya na yau. Ya kan ce tatsuniyoyinsa daga bakin Amadou Koumba ya ji su, wani maroƙin danginsu, shi dai mai rubutawa ne kawai. Senghor ya nuna a gabatarwarsa cewa wannan tawali'u ne, domin Diop sake ƙera labaran ya yi. Sana'arsa ma ta bar sawu a cikin L'Os, don wanda ya rubuta shi ya san darajar sa guda a ƙauyen da ba shi da garke.

Abin ya faru ne a wani ƙauye mai suna Lamen, inda aka daɗe cikin ƙunci har aka yi yaran da suka tasa ba su san ɗanɗanon nama ba. Da aka sami shekarar albarka rumbuna suka cika, sai aka ɗora wa jakuna hatsi aka nufi Ferlo wajen Fulani, aka musanyo bijimi guda domin a yi watanda, abin da Wolof ke kira tong-tong. Kowane magidanci ya zaɓi kasonsa. Mor Lam ya zaɓi ƙashin ƙwauri mai tsoka da ɓargo, ya umurci matarsa Awa ta dafa shi sannu a hankali har ya yi lugub, kada kuma kowa ya kusanci gidan ran nan.

Ana cikin haka sai ga sallamar Musa. Musa kuwa ya wuce baƙon da ake sallama da ruwan sha. Tare aka yi musu kaciya suna yara, ɗaki guda suka yi jinya, kuma a al'adar Wolof wanda kuka haɗa wannan ɗaki da shi, wato bok-m'bar, ya fi ɗan uwa na jini: ba a hana shi abin da ya nema, ba a ci a bar shi yana kallo. Mor Lam ya murtuke fuska, Musa ya gyara zama. Yini ya wuce, dare ya yi, bai motsa ba. Maigida ya kwanta ciwon ƙarya, baƙon ya ga ai yanzu ne ma zamansa ya wajaba. Daga nan Mor Lam ya sa matarsa ta yi kururuwar ya mutu, da zaton Musa zai fita shelar rasuwa, amma Musa ya ƙi barin mace ita kaɗai da gawa. Aka yi wanka, aka sa likkafani, aka kai makwanci. A kowane mataki Awa na sunkuyawa ta gargaɗi mijinta, shi kuwa sai ya tambayi lafiyar ƙashinsa, ya tambaya ko Musa na nan, in ya ji yana nan ya ce a ci gaba. Aka binne shi da ransa. Yana can yana ƙoƙarin fahimtar da mala'ikan mutuwa cewa ƙashi ne ya kawo shi, dattawa suka yanke cewa Musa ne zai auri Awa bayan takaba. Abin da Musa ya fara nema a wurinta shi ne a kawo masa ƙashin.

Abin da takarda ta bari a rufe

Wanda ya karanta labarin sau ɗaya zai ga kamar don dandali aka yi shi. Mutum uku ne ke riƙe da shi, wuri kusan guda ne, lokacin kuma bai wuce yini da kwana ba. Akwai tambayoyin nan da ake maimaitawa kamar amshin waƙa, waɗanda ƴan kallo ke haddacewa tun a karo na biyu su riƙa jiran dawowarsu. Akwai kuma tukunyar da ke bisa murhu, wadda ta zama agogon wasan: gwargwadon yadda ƙashin ke laushi, gwargwadon yadda mai shi ke matsawa kusa da kabari.

Sai dai wannan sauƙi yana da yaudara. A takarda mai ba da labari yana yin aiki uku da ba a cika lura da su ba. Shi ne ke bayyana tsawon shekarun da Lamen ta yi babu nama, shi ne ke tsayawa ya fayyace haƙƙin abokin ɗakin kaciya, kuma shi ne ke buɗe labarin da karin magana a kan mutumin da cikinsa ke ja zuwa rami, ta yadda mai karatu ya san tun farko wa ake zargi. In an hau dandali duk wannan ya tafi, sai jikuna da fuskoki, su kuwa ba sa iya yin shiru kamar yadda alƙalami ke yi.

A ɗauki Musa. A rubuce mai karatu na da damar ya zaci ɗan gayyar soɗi ne kawai, mai naci, wanda ya gaskata mutuwar. Amma ɗan wasan da ya ɗauki matsayinsa dole ya yanke shawara: ya san gawar na numfashi ko bai sani ba? Kallo guda da zai jefa wa tukunyar ya isa ya ba da amsa. In ya sani, to wasan ya tashi daga labarin marowaci ɗaya ya koma na mayunwata biyu, ɗaya ya gwammace ya mutu da ya raba, ɗayan ya gwammace a binne ɗan uwansa da ya haƙura. Tambayarsa ta ƙarshe tana karkata ga wannan fahimta, don mutumin da ya dawo daga jana'iza ya nufi ƙashi kai tsaye, da ma ya san da shi. Ke nan zumuntar da Mor Lam ya ci amanarta, Musa ma makami ya mai da ita.

Haka zancen Awa yake. Maganarta kaɗan ce a labarin, galibinta amsa ce ga miji. A dandali kuwa ita kaɗai ce ke tsaye tsakanin ƙaryar da gaskiyar, ita ce ke kai da kawo tsakanin murhu da makara, kuma idon ƴan kallo ba ya barin ta. Kalma ɗaya daga bakinta a gaban jama'a ta isa ta ceci mijinta, amma ba ta furta ba. Ƴar wasa na iya nuna wannan shiru a matsayin biyayyar da ta wuce iyaka har ta zama kisa, tana kuma iya nuna shi a matsayin gajiyar macen da aka sa dafa abin da ba a ce za a ɗanɗana mata ba. Duk wanda aka zaɓa, tambayar da labarin ya ratsa ta gefenta takan dawo tsakiyar fili: wane irin gida ne wannan da umurnin miji ya fi ransa ƙarfi?

Dakar: ƙashin ya sami mai shi

An buɗe gidan teyatur na ƙasa mai sunan Daniel Sorano a Dakar a 1965, shekara guda kafin babban bikin fasahar baƙar fata na duniya da birnin ya karɓa a 1966, kuma Maurice Sonar Senghor ne ya fara shugabantarsa. A shekarun farko na wannan gida ne aka nuna wasan da Diop da kansa ya tsara daga labarinsa, da sunan L'Os de Mor Lam, wanda kamfanin Nouvelles Éditions Africaines ya buga a 1977.

Zamanin kuwa na wasannin tarihi ne. Ƙasashen da suka sami mulkin kai a 1960 suna neman jarumawan da za su nuna wa ƴaƴansu, kuma wasan da ya fi fice a Sorano a lokacin shi ne L'Exil d'Albouri na Cheik Aliou Ndao, a kan sarkin Jolof da ya zaɓi hijira a kan miƙa wuya ga Faransawa, ya kuma ƙare rayuwarsa a ƙasar Nijar ta yau. Wasan ya ci lambar yabo a bikin Aljas na 1969. A gefen sarkin da ya bar gadon sarauta domin mutunci, sai ga talakan da ya bar duniya domin ɓargo. Su biyun masu taurin kai ne da ba sa ja da baya, kuma dandalin da ya ɗauke su tare ya nuna wa jama'a fuska biyu na hali guda.

Sauyin suna ma abin lura ne. A littafin 1958 ƙashin ba shi da mai shi, abu ne da ke iya faɗawa hannun kowa. A wasan an jingina shi ga mutum, kuma a nan akwai ba'a mai zurfi, tunda Mor Lam ne kaɗai a cikin masu neman ƙashin bai ɗanɗana shi ba. Bugu da ƙari, labarin ƴan shafuka ba ya cika zaman dare guda sai an faɗaɗa shi, faɗaɗawar kuwa ta ba mutanen gari baki. Da zarar ƙauyen ya tsaya a dandali da dattawansa da matansa, rowar Mor Lam ta daina zama sirrin cikin gida, ta zama laifi ga jama'ar da ta yi haƙurin yunwa tare, ta kuma yi watanda tare.

Ƴan kallon Dakar ba su buƙaci a yi musu bayanin tong-tong ko bok-m'bar ba, sun zo da wannan sani daga gida, shi ya maye gurbin mai ba da labarin da aka cire. Amma akwai gibin da ba a rufe ba: tatsuniyar da aka ji da Wolof ta dawo wa masu ita da Faransanci, a zauren da ke tsakiyar babban birni, nesa da irin ƙauyukan da ta yi magana a kansu.

Peter Brook: ƙashin ya ƙetare teku

Kashi na biyu na tarihin ya biyo ta hanyar da ta ratsa Nijar. Peter Brook, Baturen Ingila mai tsara wasanni, ya kafa cibiyar binciken teyatur a Pari a 1970 da ƴan wasa daga ƙasashe dabam-dabam. Daga Disamba 1972 zuwa Maris 1973 ya jagoranci ayarinsa suka ƙetare Sahara daga Aljeriya, suka biyo ta Agadas da Damagaram zuwa Kano, suka ci gaba har Dahome da Mali. Inda suka sauka sai su shimfiɗa darduma a fili su yi wasa, wani lokaci da takalmi ko akwati kawai, suna neman abin da ke isa ga ɗan kallo ba tare da harshe ɗaya ba. Sun wuce ne daidai lokacin da babban farin Sahel ke tsananta. Cikin ayarin akwai ɗan wasan nan na Mali, Malick Bowens.

Shi Bowens ne, tare da marubucin Faransa Jean-Claude Carrière, suka yi wa labarin Diop sabon tsari, wanda aka fi sani da gajeren sunansa na asali. Brook ya nuna shi a 1979, a bikin Abinyon da kuma gidansa na Bouffes du Nord a Pari, a matsayin ɗan gajeren wasan barkwanci mai sauri da ke share fage ga La Conférence des oiseaux, wanda aka ɗauko daga littafin sufin nan na Farisa, Fariduddin Attar. Haɗin yana da hikima. A babban wasan tsuntsaye ne ke barin duk abin da suka mallaka su tafi neman sarkinsu, da yawa kuma suna kawo uzuri domin kowa na da abin da ya kasa saki. Mor Lam shi ne wannan uzuri a cikin siffar mutum. Wanda ya yi masa dariya a farkon dare yakan gane daga baya cewa shi ma yana da nasa ƙashin a bisa murhu.

Wannan tsari ya ɗaga labarin zuwa darasin da ya shafi kowane ɗan Adam, amma da tsadarsa. Ɗan kallon Abinyon bai san ɗakin kaciya ba, bai kuma taɓa shekara babu nama ba. In an rage waɗannan biyu, abin da ya saura shi ne marowaci da ɗan naci, irin waɗanda barkwancin Turai ya saba da su tun zamanin Molière. Dariyar takan zo da sauri, sai dai ba ta da ciwo. Haɗarin ya ƙara fitowa a 1980, sa'ad da ƙungiyar ta kai wasanninta huɗu gidan La MaMa na Niyok, cikinsu har da L'Os da Les Iks. Shi wannan na biyu an ɗauko shi ne daga littafin da Colin Turnbull ya buga a 1972 a kan wata al'umma ta arewacin Uganda da ya ce yunwa ta kashe tausayi a cikinta, littafin da wasu masu bincike suka soka ƙwarai daga baya. Wasanni biyu ke nan a kan Afirka, kuma duka biyun a kan ciki da ke cinye zumunta. Diop ya rubuta Mor Lam a matsayin wanda ya fita daga sahun jama'ar da ta san rabo, kuma sai an ga wannan jama'a tukuna laifinsa ke da ma'ana. Baƙon ido kuwa yana iya ɗaukar bauɗaɗɗen a matsayin wakilin kowa.

Abin da ƙungiyoyin wasa za su ɗauka

Tatsuniyoyin Diop sun daɗe a azuzuwan Faransanci na ƙasashen yankin, kuma ba abin mamaki ba ne malami ko ƙungiya su yi sha'awar mai da L'Os wasan Hausa. Ƙasar da ta ga teyatur na samariya a zamanin Seyni Kountché, ta kuma ga aikin ƙungiyar Yazi Dogo a Damagaram, ta saba da wasan da ake gina shi a baki, a kan ƙashin bayan labari, ba tare da an rubuta kowace kalma ba. Wannan labari ya dace da irin wannan aiki. Watanda, wankan gawa, makara, takaba, duk suna da sunansu da nauyinsu a Hausa, kuma jama'ar da ta sha farin 1973 da na 1984 da ƙarancin abincin 2005 ba ta buƙatar a fassara mata yunwa.

Wurare uku ne ke neman hattara. Na farko, abokin ɗakin kaciya ba shi da takwara daidai wa daida a Hausa. In an kira Musa aboki kawai, nacinsa ya zama rashin kunya, hanin Mor Lam kuma ya zama abin uzuri. Dole a kafa haƙƙinsa tun farkon wasa, ko ta bakin dattawa ko ta wani alheri da ya taɓa yi, yadda ƴan kallo za su yarda cewa korar sa abin kunya ne da ya fi mutuwa a idon maigidan. Wannan haƙƙi ne kuma zai sa hukuncin aurar masa da Awa ya zauna a kunne. Na biyu, sha'anin jana'iza da mala'ika ba abin wasa ba ne a wurin masu kallo, kuma ba lalle ne a fito da mala'ikan a fili ba. Muryar Mor Lam kaɗai, tana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa tana rantsuwa cewa da ransa, alhali masu binnewa sun juya baya, ta fi kowace shiga tsoratarwa. Na uku, kada a gaggauta farkon wasan don a kai ga wurin dariya. In ba a ba yunwar Lamen lokacinta ba, in ba a ga yaran da ke tambayar mene ne nama ba, Mor Lam zai fito a matsayin mahaukaci, mahaukaci kuwa ba ya koya wa kowa kome.

Hausawa na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma da sauƙi a rufe wasan da wannan a sallami jama'a. Amma labarin Diop bai tsaya a nan ba, don makwaɗaici na biyu bai sha wata wahala ba: ya sami mata, ya sami nama, da yardar dattawa da malamin gari. Shi ya sa ma'aunin kowane tsari, na Dakar ne ko na Pari ko wanda za a yi gobe a farfajiyar wata makaranta, yake a mintin ƙarshe, lokacin da Musa ya nemi ƙashin, Awa ta ɗauko tukunyar. Mai tsara wasan ne zai yanke tsawon lokacin da za ta tsaya riƙe da ita kafin ta ajiye a gabansa, da kuma ko ƴan kallo za su kasance suna dariya har a sa'an nan.